Kwal ɗin da Na Bari a Ƙarƙashin Maruda

Na san abin da ake gaya muku idan kun je gida Gwandu. Ba a faɗa a gabana, amma 'yar'uwarku Hadiza ta taɓa dawowa daga wani biki idanunta jawur, ta tambaye ni ko gaskiya ne ni ce na toshe wa garinmu arziki. A lokacin ce mata na yi ta je ta ci abinci. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta raba ni da yawon daji, bari in zauna in faɗa muku yadda abin ya kasance, ku ji daga bakina. Wanda ya so ya yarda, wanda ya so ya ƙi, amma kada wani cikinku ya sake sunkuyar da kai idan an ambaci sunana.

Kakanku maƙeri ne, ɗan maƙeri. A rumfarsa na fara sanin cewa dutse ba duka ɗaya ba ne, domin yakan ba mu labarin yadda kakansa ke hawa tudu ya tsinto tama, ya narka, ya fitar da ƙarfen da za a yi garma. Ni mace ce, ba a ba ni masaba, amma idan yayana Umaru ya tafi aike ni ake kira in zauna wurin zuga-zugi. Ina zuga ina tambaya, har Baba ya gaji ya ce bakina ya fi wutar ci. Da na gama sakandare na ce ilimin ƙasa da duwatsu zan karanta, gidanmu kaf dariya aka yi, ban da Yaya Umaru. Shi ya tsaya gaban Baba da Inna ya ce a bar ni, shi ya ɗaura akwatina a bayan babur ya kai ni tasha, shi ya riƙa zuwa duba ni da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Ku riƙe wannan a ranku kafin ku ji sauran, domin ba na son ku ɗauki kawunku mugun mutum. Ba mugu ba ne.

Shekarar da nake son ba ku labari, ina aure a Kalgo, babanku yana koyarwa a makarantar firamare, ni kuma ina cikin masu duba ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Aikina shi ne in tsaya bakin rami in riƙa karɓar abin da injin ke tofowa, in murza a hannu, in san wace ƙasa muke ratsawa. Mai tuƙa injin namu wani dattijo ne daga Zuru, Mista Ishaya, mutum mai yawan barkwanci. Da rani aka tura mu Maruda. Mun wuce jar marmara, mun wuce yashi, mun shiga yumɓu, ba mu ko yi nisa ba sai ruwan da ke dawowa daga ramin ya rikiɗe ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta. Na tara hannu. Abin da ya faɗo a tafina ba dutse ba ne, ba laka ba: wani abu ne mara nauyi, launinsa tsakanin baƙi da ruwan ƙasa, idan ka ɓare shi kana ganin zanen itace a jikinsa.

"Injiniya, lafiya? Kin tsaya kamar kin ga maciji," in ji Mista Ishaya.

"Kashe injin, Baba Ishaya. Kwal ne."

"Kwal? A ƙasar gero?"

"Ɗanyen kwal. Daji ne da ya nutse tun kafin a halicci mai ba da labari."

Kada wani ya ce muku ban yi murna ba. Duk wanda ya karanta abin da na karanta mafarkinsa ke nan, ya taɓa abin da hannu bai taɓa kaiwa gare shi ba, balle a ƙasar da aka binne cibiyarsa. Na ƙulle guntayen a bakin gyalena, ban ma koma Kalgo ba, Gwandu na nufa, kai tsaye rumfar Baba. Na same shi da Yaya Umaru suna ƙorafin da suka saba, na gawayi. Bishiyar ƙirya da maƙera ke ƙonawa su yi gawayi ta ƙare a dajinmu, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu, wani lokaci a kwana biyu ba a hura wuta ba. Na kwance gyale na zube musu a kan uwar maƙera.

"Mine ne wanga, ɗiyata?"

"Gawayi ne, Baba, wanda Allah ya toya da kansa. A Maruda munka same shi."

Baba ya shanya shi a rana, ya zuba a murhu, Yaya ya kama zuga. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya kore mu waje muna tari, ƙarfen da aka cusa kuwa ko ja bai yi sosai ba. Amma ya kama wuta, kuma wannan kaɗai ya ishe su. Baba yana share hawayen hayaƙi yana dariya, yana cewa na sama ne, na ƙasa zai fi kyau, ai tuwo ma sai an kai tsakiya ake jin zafinsa. Kafin sallar la'asar labari ya gama unguwar maƙera. Kafin Juma'a ya kai Kambaza da Ceberu. A kasuwa matan da ban sani ba suna riƙe hannuna suna sa mini albarka. Inna ta ce tun da ta haife ni ba ta taɓa shan gaisuwa irin ta wannan makon ba.

Ba a daɗe ba wani kamfani ya turo mutanensa da motoci masu tsayi. Suka ce za su buɗe ƙasa su kwashi kwal ɗin, su kafa injin wuta, su ɗauki samari aiki, su shimfiɗa kwalta. Suna neman ɗan gari mai baki da zai shiga tsakaninsu da masu gonaki, sai suka dace da Yaya Umaru. Ya ajiye masaba ya ɗinka sababbin kaya. Ƙauye-ƙauye yake bi yana lallashin mutane, yana rantsuwa da cewa ƙanwarsa ce ta gano abin, ƙanwarsa kuwa ba ta ƙarya. Babban ɗansa Sani, wanda ya gama makaranta yana zaune ba aiki, har ya fara koyon tuƙin babbar mota don ya shiga sahun farko. Ni kuma ofishinmu ya ba ni aikin bin wannan baƙin shimfiɗi in ga iyakar inda ya kai, da kaurinsa, da abin da ke samansa da ƙarƙashinsa. Na yi wannan aiki da zuciya ɗaya, ina fatan ya yi kauri.

Bai yi kauri ba. A wani wuri kamu ɗaya, a wani wuri ya kai tsayin yaro, a wani wuri ya ɓace sai yumɓu zalla. Wannan kaɗai bai isa ya hana ni barci ba, domin riba da asara lissafin kamfani ne. Abin da ya juya ni ya faru ne a Kalgo, a gefen fadama, kusa da gidanmu. Can ƙasa ta fi gangare, shimfiɗin ya fi zurfi. Muka ratsa yumɓu, muka ratsa kwal ɗin, muka sake ratsa yumɓu, sai injin ya faɗa cikin farin yashi mai laushi. Ban ankara ba na ji Mista Ishaya ya yi ihu ya ja da baya. Ruwa ne ya taso ta cikin bututun da kansa, ba famfo, ba inji, ya yi tsiri sama da kanmu, ya zubo mana garau, mai sanyi. Yara suka fito daga makarantar babanku da gudu, mata suka fito da bokitai, wani tsoho ya tsuguna ya yi alwala yana kabbara. Mista Ishaya ya cire hularsa ya tara ya sha.

"Injiniya, na tsufa a kan injin nan, amma kullum na ga irin wannan sai jikina ya mutu. Wa ke turo shi?"

"Murfi ne, Baba Ishaya. Yumɓun nan da kwal ɗin su ne murfin tukunya. Ruwan yana danne a ƙasa, mun huda masa ƙofa."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Kowa na murna, ni kuwa na nemi gindin bishiya na zauna. Shekaru kaɗan kafin haka an taɓa tura ni kwas Jamus, yankin da suke haƙar irin wannan kwal ɗin. Na tsaya a bakin raminsu, ramin da idonka ba ya kaiwa ƙarshensa. Na ga jerin famfuna dare da rana suna zuƙe ruwan ƙasa suna zubarwa, domin ba a haƙar kwal a cikin ruwa. Na ga rafin da ya koma ja kamar tsatsa, ba kifi ko ɗaya, saboda idan iska ta taɓa irin wannan ƙasa ruwan da ya bi ta kanta tsami yake yi. An kai mu sabon ƙauye mai kyawawan gidaje, wata tsohuwa ta nuna mana tsakiyar ramin da sandarta, mai yi mana tafinta ya ce tana nuna inda aka haife ta ne. Su ƙasarsu ruwan sama ba ya yankewa, kuma suna da ƙarfin gyara ɓarnarsu. Mu fa? Daga ƙarshen damina zuwa farkon wata daminar, ran mutum da na dabba a rijiya yake. Idan aka yaye murfin a Maruda aka kafa famfuna, rijiyoyin Maruda za su fara kafewa, na Ceberu da Kambaza su bi, wannan tsirin na Kalgo ya kwanta. Kwal ɗin zai ƙare kafin Sani ya yi furfura. Ruwan kuwa ba zai dawo a zamanin jikokinsa ba.

Na sake aunawa, na sake haƙa ramukan gwaji, na aika wa malamina na jami'a ya duba ko na yi kuskure. Wallahi na so a ce kuskure ne. Da ya tabbatar mini ba kuskure ba ne, na fara gaya wa babanku. Yana zaune a tabarma yana duba littattafan ɗalibai, ya saurare ni har na gama.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Malam."

"To me ya rage? In kin yi shiru, ruwan da za mu ba yaran nan a ina za ki samo shi? Ki faɗa. Amma ki fara zuwa wurin yayanki, kada ya ji a bakin duniya."

Na je. Na sami Yaya Umaru a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ɗauki kwanon sha da faifai na nuna masa yadda murfi yake da yadda za a yaye shi. Ya bar ni na kai ƙarshe. Fuskarsa ba fushi a farko, roƙo ne.

"Rabi, ke kinka kawo abin ga da hannunki. Na bi gari-gari na ba da sunanki jingina. Yanzu in koma in ce musu mi?"

"Ka ce musu na ƙara dubawa, Yaya. Gaskiyar jiya ba ta cika ba, ta yau ta cika."

"Ba a ce ki yi ƙarya ba. Ki rubuta akwai kwal, ai akwai shi. Zancen ruwa ki bar ma Allah."

"Allah ne ya nuna mini shi, Yaya. In na ɓoye, ni zai tambaya."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce samarin garin nan sun gaji da cin rani a Legas da kwana a ƙarƙashin gada, ni da ke karɓar albashi ba zan san wannan ba. Maganarsa ta shige ni, domin akwai gaskiya a cikinta.

Uban ƙasa ya kira taro a ƙofar gidansa, da masu unguwanni, da masu gonaki, da mutanen kamfani, da wani babba daga ofishinmu wanda tun a mota ya ce mini in taƙaita, in tsaya kan abin da aka tambaye ni. Ni kaɗai ce mace a filin. Mutumin kamfani ya yi magana mai daɗi, Yaya ya fassara ya ƙara gishiri. Sannan uban ƙasa ya waiwayo ya ce ina ɗiyar maƙera, ta zo ta faɗi abin da ta gani. Na fito, na cire takalmi, na durƙusa. Na hango Baba a cikin dattawa ya kafa mini ido.

"Ranka shi daɗe, kwal akwai shi, ni na gan shi. Amma shi ne murfin ruwanmu. Ba a fitar da shi sai an zuƙe ruwan, in an zuƙe kuwa rijiyoyinku za su kafe."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Mutumin kamfani ya ce za su kawo ruwa a tanka. Wani tsoho daga Maruda, mai garken shanu, ya ɗaga murya ya tambaya ko tankar za ta riƙa bin shanunsa daji. Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Uban ƙasa ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, tambaya guda. Da gonar ubanki ce, ki ba su?"

"Ranka shi daɗe, gonar da ubana ya gada tana Maruda, tana cikin waɗanda anka auna. Ba ni ba su."

Ya ce a ba shi lokaci. Lokacin bai yi tsawo ba. Masu gonaki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, kamfanin ya turo nasa masanin ya sake aunawa, bai sami abin da zai ƙaryata ni da shi ba, ga kuma kwal ɗin ba kauri. Kafin ruwan farko motocin sun daina zuwa.

Ranar taron, da na fito zan tafi tasha, Baba ya biyo ni. Bai taɓa raka ni ko'ina ba. Ya karɓi jakata ya rataya, muka bi ta tsakiyar kasuwa, mutanen da suka sa mini albarka watannin baya suna kawar da kai. Da muka isa bakin mota ya miƙo mini jakata.

"Ban gane duk abin da kinka hwaɗi ba. Kuma na so gawayin nan, Allah ya sani. Amma na ga muryarki ba ta karye ba. Tahi, Allah shi yi miki albarka."

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, ko da ba ku san dalili ba. A ofis aka ɗauke ni daga daji aka ajiye ni ɗakin taswira a Birnin Kebbi, waɗanda na koya wa aiki suka wuce ni. Wannan bai dame ni kamar na gida ba. Yaya Umaru ya zama abin nuni a garin da ya yi wa alkawari, ya koma rumfa da kunya, ya daina amsa gaisuwata. An aurar da 'yarsa ban ji ba sai a bakin maƙwabta. Sani kuwa, da ya ga aikin ya bi iska, ya bi abokansa haƙar zinariya wajen Yawuri. Rami ya rufta da su, aka ciro shi da rai, amma ƙafar hagu ba ta sake ɗaukarsa daidai ba. Na je asibiti da kwanon abinci, Yaya ya tare ƙofa.

"Kin zo ki ga aikinki?"

Na ajiye kwanon a ƙasa na juyo. Na yi kuka a motar haya tun daga can har Kalgo. Ban taɓa cewa ƙafar Sani ba ta cikin kuɗin abin da na yi ba, tana ciki. Amma an tambaye ni sau da yawa ko da za a mayar da ni filin nan zan canza magana. Ba zan canza ba. Na san abin da na tsare. Duk lokacin da na bi hanyar Maruda da rani na ga mata a bakin rijiya suna ja guga na fitowa cike, na ga shanu sun yi layi a kwamin shan ruwa, kaina yakan ɗaga da kansa. Ba su san ni ba, ba kuma sai sun sani ba.

Baba ya rasu muna cikin wannan hali. A zaman makoki ni da Yaya muka karɓi gaisuwa a gida ɗaya, shi a zaure ni a ɗakin Inna, ko kallo bai haɗa mu ba. Inna ta yi ta ƙoƙari har ta gaji ta bar wa Allah. Shekaru suka wuce. Ƙira ta ja baya, garmar kanti ta cika kasuwa, Yaya ya rufe rumfa. Na ji labarin ya sami fili a fadamar Kalgo, shi da Sani za su gwada noman rani, albasa da tattasai. Kusa da gidanmu ne, amma bai taɓa leƙowa ba.

Wata safiya ina shara a tsakar gida, aka ce ana sallama da ni. Na saka mayafi na fito. Yaya Umaru ne a kan babur, gemunsa ya yi fari fat, ko injin bai kashe ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Rabona da jin ya amsa har na manta yadda muryarsa take faɗin sunana.

"Rabi, masu haƙa sun zo, sun huda wuri biyu ba su samu ruwa ba. Ɗauko takalminki."

Na ɗauko takalmina. Na hau bayansa muka tafi. A gonar na tarar da masu haƙa sun zauna a inuwa, da maƙwabtan gona sun taru kallo, Sani yana dogare da sanda. Na zaga filin, na duba abin da suka fitar daga ramukan, na murza a hannu. Ba wurin ne ya ƙi ba, haƙuri ne ya gaza: sun ga yumɓu da baƙar ƙasa sun ɗauka an zo ƙarshe. Na ce su koma ramin farko su ci gaba, ruwan yana ƙarƙashin baƙin. Shugabansu, wani matashi da bai san ni ba, ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi Yaya, ya ce Alhaji, bututu tsada gare shi, a kan maganar wannan baiwar Allah za mu ƙara?

Yaya bai ko dube ni ba. Ya gyara hularsa, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke fadamar zai ji.

"Ƙanwata ce. In ta ce akwai, akwai. In ta ce babu, babu. Ku haƙa."